Duk Parabol ɗin Tawa Shaidar Arthur Clarke Ne

Iskar farkon damina ta karkatar mana da parabol, hoto ya ɗauke har kwana biyu, sai muka kira yaron unguwa mai gyara. Ya hau katanga da sifana a aljihu, ƙanensa ya zauna cikin ɗaki gaban tele. Na sama yana taɓa farantin a hankali kamar mai gyara wa jariri kwanciya, na ƙasa yana ba shi labari da ƙarfi. "Ya zo?" "Bai zo ba!" "Yanzu fa?" "Ya zo... a'a, ya koma!" "To yanzu?" "Tsaya nan, Yaya, kar ka ƙara!" Ya ɗaure noti tam, ya diro yana kakkaɓe hannu.

Na ce masa, "Samari, na lura duk gidan da ka ɗaura wa abin nan, wajen kudu kake juya shi. Me ya hana ka gwada arewa?" Ya dube ni ya ce, "Baba, ai arewa babu kowa. Duk a kudu suke jere." Na ce, "Ba sa gusawa?" Ya ce, "Da suna gusawa ai da kullum ina kan katangarku."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yaron nan bai taɓa jin sunan Arthur C. Clarke ba, amma a magana biyu ya faɗi abin da Clarke ya zauna ya lissafa da fensir a shekarar 1945, lokacin da Tawa ke ƙarƙashin mulkin Faransa, lokacin da babu ko ƙusa ɗaya ta ɗan'adam da ke yawo a sararin samaniya. Ni kuwa yau shekaru nake ɗauke da son littattafan mutumin nan a zuciya, ina neman wanda zan zazzage wa. To, mai karatu, yau kai ka faɗo hannuna.

Ga yadda abin yake. A watan Oktoba na 1945 wata mujallar masu harkar rediyo a Ingila mai suna Wireless World ta buga ƴar maƙalar wani hafsan sojan sama ɗan shekara 27. Ya ce duk abin da aka harba ya shiga kewaya duniya, gwargwadon nisansa gwargwadon daɗewarsa kafin ya gama zagaye ɗaya. Na kusa yana gamawa cikin awa ɗaya da rabi, wata kuwa da yake can nesa sai ya kwashe kusan kwana 27. Ashe ke nan akwai wani nisa a tsakani inda zagaye ɗaya zai yi daidai da juyin duniya na yini da dare. Nisan nan shi ne kilomita 35,786 bisa layin da ya raba duniya biyu. Abin da aka ajiye a can yana sheƙa gudu, kusan kilomita 3 a kowace daƙiƙa, amma tunda tare yake juyawa da mu, mai kallo daga ƙasa zai gan shi a tsaye cik kamar an buga shi da ƙusa. Clarke ya ce a ajiye tasha uku a wannan da'ira, kowace ta riƙe kashi ɗaya cikin uku, to magana da hoto za su iya tashi daga kowane gari su sauka a kusan kowane gari a duniya. Mu nan Adar arewa muke da wancan layi, shi ya sa farantanmu ke kallon kudu, wani ya ɗan karkata gabas, wani yamma. Ka hau soro a Tawa ka duba da idonka, ba za ka ga ko ɗaya da ya ba kudu baya ba.

Gaskiya ɗaya ce, kafin shi akwai waɗanda suka hango wannan da'ira, irin su Herman Potočnik da ya rubuta a kai a 1928. Amma Clarke ne ya nuna cewa ita ce hasumiyar rediyon duniya baki ɗaya. Shekara 12 bayan maƙalarsa Rasha ta harba Sputnik. A 1964 tauraron Syncom 3 ya tsaya a wannan da'ira ya kai wa Amurkawa hotunan wasannin Olamfik daga Tokiyo. A 1965 aka harba na kasuwanci na farko. Yau masana da yawa da sunansa suke kiran wurin. Bai yi rajistar dabarar don ya ci kuɗinta ba. Abu ɗaya ya kuskure: ya ɗauka sai an zuba ma'aikata a tashoshin suna canza kwalaben rediyo da suka ƙone, don a zamaninsa da su ake aiki. Wannan kuskure ma burge ni yake yi, domin yana nuna mutum ne da ke tunani har kan wanda zai hau ya yi gyara, kamar dai yaron katangarmu.

Ni ba ta wannan maƙala na san shi ba. Ina lise yayana ya dawo daga cin rani a Abijan, kamar yadda samarin Adar suka saba, da kwali cike da tarkace: rediyo, atamfar Inna, takalma, can ƙasa kuma wasu tsofaffin littattafan aljihu na Faransanci da ya saya a bakin titi don ya san ni da cin takarda. Ɗaya bangonsa ya yage, ganyensa ya yi ja, yana warin danshin bakin teku. Sunansa Rendez-vous avec Rama. Lokacin bazara ne, ɗaki ba ya shiguwa, wuta kuma ta ɗauke. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na maƙale tocila tsakanin kafaɗa da kunci, na buɗe. Ban rufe ba sai da na ji ladan ya yi kiran farko. Da na ɗaga kai na ga Gamzaki ya fito, sai na ji sararin nan da na saba gani tun ina goye ya zama wani abu dabam. Da can rufi ne a wurina. A daren nan ya zama fili mai hanyoyi, wanda baƙo zai iya ɓullowa daga cikinsa.

Kai, Rama! Bari in ɗan gutsura maka. An buga shi a 1973, da Turanci sunansa Rendezvous with Rama. Labarin ya fara da wani dutse da ya faɗo daga sama a 2077 ya hallaka garuruwa a arewacin Italiya, abin da ya sa mutane suka kafa tsarin gadin sama don kada a sake shammatar su. Shekaru hamsin da ɗoriya bayan haka masu gadin suka hango wani abu ya shigo daga wajen gidan rana da gudu. Aka ɗauka dutse ne. Da aka matsa kusa sai aka ga ashe ƙira ce: ganga ce santala, tsawonta kilomita 50, kusan tafiyar Tawa zuwa Tabalak, faɗinta kilomita 20, tana juyawa sau ɗaya duk minti huɗu. Jirgi guda ne kawai ke kusa da zai iya cim mata, Endeavour, ƙarƙashin Kwamanda Norton. Suka sauka a kanta, suka sami ƙofa, suka shiga cikin duhu da sanyi.

Abin da ya biyo baya ban taɓa karanta irinsa ba, kuma har yau ban sake ba. Duniya ce a cikin ganga. Juyin da take yi shi ke manna mutum a bango, don haka bangon shi ne ƙasa, in ka ɗaga kai kuma abin da za ka gani a bisa ba sama ba ce, wata ƙasar ce a kife. A tsakiya akwai teku da ya zagaye cikin gangar kamar ɗamara, ya hau ta dama, ya bi ta bisa kanka, ya sauko ta hagu, kuma ba ya zubowa. Da farko daskararre ne. Da gangar ta matso kusa da rana sai ya fara narkewa daga ƙasa, iska ta tashi, guguwa ta kaɗa, wasu dogayen fitilu shida suka kama da kansu, gari ya waye a wurin da ya yi shekaru dubbai cikin dare. Ranar da na kai wannan shafi sai da na ajiye littafin na miƙe tsaye. Kuma abin daɗin, ko ɗaya daga cikin waɗannan al'ajabai ba tsafi ba ne. Kowanne da dalilinsa, kuma Clarke zai bar ka ka yi ta saƙe-saƙe, sa'an nan ya warware maka a hankali. Me ya sa gaɓar tekun ta kudu take da tsawon mita 500 alhali ta arewa gajeriya ce? Ka riƙe tambayar nan, amsarta na nan gaba, kuma ranar da ka same ta za ka ce ashe! Me ya sa ruwan da ke zubowa daga tudu yake karkacewa gefe maimakon ya sauko miƙe? Akwai lissafinsa. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da labaran aljannu mun saba da mamakin da ba a tambayar dalilinsa. Wannan mutum ya koya mini wani irin mamaki, wanda in an faɗa maka dalilinsa sai ya ƙaru.

Sa'an nan ga ƙarfin halin marubucin. Da wani ne da ya cika gangar da dodanni, a yi ta harbe-harbe. Clarke bai nuna mana masu gangar ba ko sau ɗaya. Ƴan na'urorin aikinsu kawai ake gani, wasu kamar kaguwa, wasu masu ƙafa uku, suna share-share da gyare-gyare, ba su ko kula da mutanen ba. Ƴan'adam mazauna duniyar Uɗaridu sun tsorata har suka aiko da makami don a tarwatsa ta, ma'aikatan jirgin suka hana. A ƙarshe Rama ta kusanci rana, ta ɗebi abin da ta zo ɗiba, ta juya ta yi gaba. Ashe ba wurinmu ta zo ba. Duk Ba'adaren da ya taɓa tsayawa bakin hanya ya ga ayarin raƙuma ya ratsa, ya sha ruwa a rijiyar gari, ya wuce ba tare da madugu ya tambayi sunan garin ba, ya san wannan yanayi. Littafin ya lashe manyan kyaututtukan fannin, Hugo da Nebula, kuma ya ci halalinsa. Sunan da Clarke ya raɗa wa masu gadin sama, Spaceguard, daga baya masana na gaske suka ara suka sa wa aikinsu na farautar duwatsun da ka iya faɗo mana. A Oktoban 2017 kuwa, da wani madubin hangen nesa a tsibiran Hawai ya gano abu na farko da aka tabbatar ya shigo mana daga wajen gidan rana, wanda aka kira Oumuamua, na san ba ni kaɗai ba ne na tuna da Rama a ranar.

Wane ne wannan mutum? Ɗan manomi ne. An haife shi ran 16 ga Disamba 1917 a Minehead, wani ƙaramin gari a bakin teku a yankin Somerset na Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 13, uwar ta riƙe gona da ƴaƴa huɗu. Ya harhaɗa madubin hangen nesa da hannunsa yana leƙen wata. Yana tara ƴan kuɗinsa yana sayen tsofaffin mujallun labaran kimiyya na Amurka da ake sayarwa da araha, kamar dai ni da littafin kwalin Abijan. Kuɗin jami'a bai samu ba, sai ya tafi Landan a 1936 ya kama aikin duba lissafin gwamnati. Yaƙin duniya na biyu ya kai shi rundunar sojan sama daga 1941 zuwa 1946, inda ya yi aiki da na'urar rada mai saukar da jirgi cikin hazo. Sai bayan yaƙi ya shiga King's College ta Landan, ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi da fiziya a 1948, yana da shekara 30. Duk yaron Adar da ya ga kamar karatu ya wuce shi, ya dubi wannan.

Ya sha faɗin cewa abin da ya fara jan hankalinsa ga kimiyya wani ɗan kati ne mai hoton dabbar dinoso da mahaifinsa ya miƙa masa yana ƙarami. Da na karanta haka sai na yi murmushi, domin mu abin da shi ya gani a kati muna da shi a ƙasa. A wajen Kao, arewa da Tawa, akwai dutsen Igdaman inda masana suka tono ƙasusuwan manyan halittun ruwa, har aka raɗa wa ɗaya sunan dutsen. Wato wannan ƙasa tamu ta duwatsu da fako, inda mace ke tafiya mai nisa don jarka ɗaya, teku ce a wani zamani, shekaru miliyoyi da suka wuce. In ka san wannan, littafinsa na 1956, The City and the Stars, wanda na karanta da sunan La Cité et les Astres, zai shige ka fiye da yadda zai shigi mutumin Landan. A cikinsa tekunan duniya duk sun ƙafe, hamada ta cinye komai, birni ɗaya ya rage mai suna Diaspar, a rufe ruf. Mutanensa ba su rasa komai ba, ba yunwa ba ciwo, amma tsoron waje ya shiga jininsu har ba sa iya leƙa bayan ganuwa. Sai aka sami yaro guda, Alvin, wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayi. Ya bi ta wata tsohuwar hanyar ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla Lys, ƙasar ciyawa da ƙauyuka, inda mutane ke haihuwa suna tsufa suna mutuwa. Ni Alvin na san shi. Na gan shi a tashar mota da jaka a kafaɗa bayan an gama girbi. Bambancin kawai, namu rashi ke fitar da su, shi kuwa wadata ce ta ishe shi. Amma tambayar da littafin ya ɗora ɗaya ce da wadda ke kan kowane ɗan cin rani: in ka fita ka gano, me za ka komo wa gida da shi?

Wanda ya fi shahara cikin ayyukansa shi ne 2001: A Space Odyssey, wanda suka ƙulla tare da mai shirya fim Stanley Kubrick, fim da littafi duka suka fito a 1968, shekara guda kafin ɗan'adam ya taka wata. Ba zan tsaya kansa da yawa ba don an yi ta maganarsa. Abu biyu kawai. Na farko, akwai wurin da wani matafiyi ke zaune cikin jirgin sama jannati yana karanta jaridun duniya a kan wani ɗan allo mai haske. Ka dubi wayar hannunka, ka tuna 1968 aka rubuta. Na biyu, kwamfutar jirgin, HAL 9000, mai magana da taushin murya, wadda ta juya ta hallaka ma'aikatan. A littafin Clarke ya bayyana sanadi: an gina ta don ta faɗi gaskiya, sa'an nan manya suka umarce ta ta ɓoye wa matuƙan ainihin dalilin tafiyar. Umarni biyu suka yi karo a cikinta, ta rikice. Laifin na waɗanda suka koya mata ɓoye-ɓoye ne. Yanzu da kowa ke hira da na'ura a waya yana tambayarta fatawa da magani, wannan babi ya cancanci a karanta shi a kowane aji.

Amma in ka ce in zaɓi wanda ya fi kama da mu, sai in ce The Fountains of Paradise na 1979. Injiniya ne, Vannevar Morgan, ya ƙudura zai sako igiya daga waccan da'ira ta kilomita 35,786 har ƙasa, a riƙa hawa sama da ita kamar guga, a huta da roka da ƙarar wuta. Dabarar wani injiniyan Rasha ce, Yuri Artsutanov, tun 1960, Clarke kuma bai ɓoye ba. Na taɓa tsayawa bakin wata rijiya mai zurfi a wajen Abalak da rani. An ɗaura igiya a raƙumi, yaro na jansa, yana tafiya yana tafiya har ya yi nisa kafin wasaki ya iso baki, mutum biyu su tare shi su juye a kwami, shanu na turereniya. Na ɗaga igiyar da ke kwance a ƙasa na ji nauyinta, jiƙaƙƙiya, ta sha yashi. Wani dattijo da ke wurin ya ce mini, "Ɗana, a rijiya irin wannan ba ruwan ne kaɗai kaya ba, igiyar ma kaya ce." To, wannan ita ce matsalar Morgan gaba ɗaya. Igiya in ta yi tsawo, nauyin kanta ne zai tsinka ta tun ba a rataya mata komai ba. Sai an sami zare mai ƙarfin da ya fi ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma marar nauyi. Clarke ya ɗauki wannan matsala ta masu rijiya ya miƙa ta har sama. Ya kuma haɗa ta da rigimar ƙasa, don dutse ɗaya tilo da ya dace a kafa gindin igiyar akwai wurin ibada a kansa, masu shi kuma sun ce ba za su tashi ba. Sashen kusa da ƙarshe, inda Morgan, dattijo mai ciwon zuciya, ya hau igiyar shi kaɗai cikin ƴar ƙaramar na'ura don ya kai wa waɗanda suka maƙale iskar shaƙa, na karanta shi ya fi sau biyar, kuma kowane karo sai na ji numfashina ya tsaya.

Tsibirin da ke cikin wannan littafi Siri Lanka ce aka sauya wa suna, don can Clarke ya koma da zama tun 1956. Son ninƙaya a ƙarƙashin teku ya kai shi, yana cewa nan ne mutum ke ɗanɗana rashin nauyi irin na sama. Cutar shan inna ta kama shi a 1962, daga baya ta dawo masa har ƙarshen rayuwarsa ya koma kan keken guragu, amma alƙalaminsa bai tsaya ba. Daga can ya yi ta kiran a yi amfani da tauraron ɗan'adam don ilimin talaka. Ya goyi bayan gwajin da Indiya ta yi a 1975 zuwa 1976, inda aka riƙa aika darussan noma da lafiya ta tauraro zuwa ƙauyuka kusan 2,400. Mu ma a Nijar mun san wannan buri, don tun 1964 aka fara gwada koyar da yara ta talabijin a ƙasar nan. Ingila ta ba shi lambar Sir, Siri Lanka ta ba shi lambar girmanta mafi girma a 2005. Ya rasu a Kolambo ran 19 ga Maris 2008 yana da shekara 90.

Akwai inda muka rabu da shi, kuma ba zan rufe ba. Clarke ba mai addini ba ne, har wasiyya ya bari kada a yi masa wata ibada a jana'iza. Farkon 2001 ma ya ginu kan ra'ayin asalin ɗan'adam da ni Musulmi ban ɗauka ba. Na karanta shi a matsayin ƙagaggen labari, na ɗauki abin ɗauka. Abin da na sani shi ne, ban taɓa rufe littafinsa na ji imanina ya ragu ba. Mutumin da ya sa ka fita tsakar gida da tsakar dare ka dubi Kaza da Ƴaƴanta, ka tsaya kana lissafin nisan da haskensu ya keto kafin ya iso idonka, ya sa ka yi tasbihi ko bai nufa ba. Masu suka kuma suna cewa mutanen cikin labaransa ba su da zurfi, ba soyayya, ba kishi, mata ma kaɗan ne. Maganar mata gaskiya ce, kuma rashi ne. Amma maganar zurfi, ni ban je wurin Clarke neman rikicin kishiyoyi ba, wannan muna da gwanayensa. Jaruminsa shi ne halitta kanta, da hankalin ɗan'adam a gabanta. Mutanensa masu sanyin kai ne, sun san aikinsu, in masifa ta zo ba sa ihu, sai su zauna su yi lissafi. Ka karanta A Fall of Moondust na 1961, inda motar ƴan yawon buɗe ido ta nutse cikin ƙura a kan wata da mutum 22 a ciki, zafi na ƙaruwa, iska na ƙarewa, injiniyoyi na sama suna neman dabara. Duk direban da motarsa ta taɓa kafewa a yashi tsakanin Abalak da Agadas, ruwan jarka na raguwa, zai ce wannan marubuci ya san abin da yake faɗa. Ci-gaban Rama da aka rubuta daga baya tare da Gentry Lee kam, shawarata ka bar su sai ka gama na asali, don ba su kamo ƙafarsa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne ban taɓa riƙe littafin Clarke da Hausa ba. Kuma kada wani ya ce harshenmu ba zai iya ɗauka ba. A 1969, shekarar da Clarke ke zaune a gidan talabijin na CBS a Amurka yana yi wa jama'a bayanin saukar Apollo 11 a kan wata, a Zariya kamfanin NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙonsa Kolin Koliyo da tafiyarsu sararin samaniya. Da Hausa tsantsa! Ƙofar nan an buɗe ta fiye da shekara hamsin, mu ne muka bar ciyawa ta rufe hanyar. Wasu ƴan Afirka kuwa sun bi ta har sun kai. Kyautar da ake bayarwa da sunan Clarke a Ingila tun 1987, Tade Thompson, likita ɗan asalin ƙasar Yarabawa, ya lashe ta a 2019 da Rosewater, labarin da ya kafa a Najeriya ta shekarar 2066. A 2020 kuma Namwali Serpell ƴar Zambiya ta karɓa. Me zai hana gobe a ji labarin da aka kafa a Keita ko Buza ko Cintabaraden, na yarinyar da ta gano yadda za a jawo ruwan da ke kwance can ƙarƙashin duwatsun Adar?

Don haka ina kira ga ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, masu Faransanci da masu Turanci, da marubutanmu na Maraɗi da Damagaram da Kano da Sakkwato: wani ya nemi izinin masu haƙƙi ya juya mana Rama zuwa Hausa. Gidajen rediyonmu su karanta shi babi-babi bayan sallar isha'i, a ga in akwai wanda zai kashe akwatinsa. Kai kuma mai karatu, in kana jin ɗaya daga cikin harsunan biyu, kada ka jira fassara. Ka nemi Rama, ka fara da shi, ka bi da Fountains, sa'an nan Diaspar. In ka gama kada ka ajiye shi a akwati, ka miƙa wa yaron da ke gyara muku parabol. Ni nawa yana hannun namu tun ranar da ya sauko daga katanga, kuma shekaranjiya ya tare ni a hanya ya ce, "Baba, na kai wurin da fitilun suka kama."